Bisley: Inda har yau ake gasar harbi da 'mak-fo', bindigar da mazan jiya suka kai Burma

A wani ƙarshen mako na watan Oktoban kowace shekara, tun da sanyin safiya motoci ke fara shiga sansanin Bisley da ke gundumar Surrey, kimanin kilomita 50 kudu maso yamma da Landan. Yawancin masu fitowa daga cikinsu dattawa ne masu furfura, kowa rataye da doguwar jaka, ga tabarmar kwanciya a hammata, ga butar shayi a hannu.

Abin da ke cikin jakunkunan ya girme su. Bindigogin yaƙi ne na katako da ƙarfe, wasu an ƙera su kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu a lokacin yaƙin Hitila. Taron da ya tara su, wanda ake kira Trafalgar, gasa ce ta harbin allo da tsofaffin makamai zalla. Ba a samun kuɗin kirki a cikinta, ba a nuna ta a talabijin, kuma wanda ya yi na ɗaya yakan koma gida ne da 'yar lambar yabo da ba ta kai kuɗin harsasan da ya ƙona ba.

Duk ɗan Najeriyar da ya yi wayo a shekarun 1970 ko 1980, idan ya leƙa layin maharban, zai gane wadda ta fi yawa a hannunsu. Ita ce doguwar bindigar nan mai katako har kusa da baki da 'yan sanda ke ratayawa a ƙofar banki da shingen hanya kafin AK-47 ta kore ta. A Najeriya 'mak-fo' ake ce mata. Sunanta na asali Lee-Enfield, kuma samfurin da aka fi sani a nan No. 4 ne a takardun sojan Birtaniya, bakin 'yan bariki ne ya mayar da shi mak-fo.

Filin da sarauniya ta buɗe da igiya

Ƙungiyar da ke da Bisley ita ce NRA ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1859. Ba ta da alaƙa da takwararta ta Amurka mai suna iri ɗaya da ta yi ƙaurin suna a siyasar bindiga, ta ma girme ta da shekara 12. An kafa ta ne lokacin da Ingila ke fargabar Faransa za ta kawo mata hari, aka ga ya kamata 'yan sa-kai su iya saiti.

Gasar farko a filin Wimbledon aka yi ta. Ranar 2 ga Yulin 1860 Sarauniya Victoria ta buɗe taron da harbin farko, sai dai ba ta taɓa bindigar ba. An riga an ɗaure ta a kan maɗauri an saita ta a kan allo mai nisan yadi 400, sarauniya ta ja igiyar siliki kawai, harsashi ya faɗa dab da tsakiya. Ta kuma sa kyautar fam 250 ga zakara. Har yau kyautar tana nan a fam 250, kuɗin da a wancan zamani zai sayi gida, yau kuwa da ƙyar ya biya wa mutum ɗakin kwana na 'yan kwanaki a Landan.

Da gidaje suka matso Wimbledon, bindigogi kuma suka ƙara cin zango, sai aka kwashe komai zuwa Bisley a 1890. Babban filinsa, Century, yana da alluna 108 a jere, ana harbi a kansa har nisan yadi 600. Na biyu, Stickledown, ya kai yadi 1,200, wato ya zarce kilomita guda. A nan aka yi harbin gasar Olamfik ta 1908 da ta 1948.

Shekaru da dama babbar gasar Bisley da bindigar soja ake yinta, ba da wata ta musamman ba. Da Lee-Enfield ɗin Marjorie Foster, wata mai kiwon kaji da ta yi tuƙin mota wa sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta lashe Kyautar Sarki a 1930, mace ta farko da ta yi hakan. Aka ɗora ta a kan kujera aka zaga da ita sansanin bisa al'ada, mutanen garinsu kuma suka yi karo-karo suka saya mata mota. Sai a ƙarshen shekarun 1960 manyan maharba suka koma bindigogin da aka ƙera don gasa kaɗai, Lee-Enfield ta zama ta tsofaffi da masu sha'awar tarihi.

Sharaɗi ɗaya: kar a taɓa ta

A kusan kowane wasa da ake yi da kayan aiki, mai kuɗi ne ke gaba, domin shi ke sayen sabon samfuri. Wannan gasa an gina ta ne a kan akasin haka. Ka'idarta ita ce a zo da bindiga yadda aka miƙa wa soja ita, ko aƙalla yadda mutanen zamaninta za su gane ta. A ajin bindigogin soja ba a ɗora mata madubin hangen nesa, ba a sauya mata kunama mai laushi, ba a sa mata ƙotar roba.

Ana raba makaman ne bisa shekarar da aka fito da samfurinsu. Akwai ajin waɗanda suka riga 1891, akwai na kafin 1919, akwai na 1919 zuwa 1945. Saboda haka SMLE, gajeriyar Lee-Enfield mai dakusasshen hanci da aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya da ita, ajinta daban da na mak-fo, wadda sojan Birtaniya ya karɓa a 1941. Rabon yana da dalili. Masaitin SMLE wani ɗan tsagi ne a tsakiyar bututu, na mak-fo kuwa 'yar huda ce kusa da ido, kuma ga mutumin da ya haura shekara sittin, wanda idonsa ya daina haɗa kusa da nesa a lokaci guda, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Zagayen da aka fi yi mai sauƙi ne. Mutum ya kwanta rub da ciki a nisan yadi 200, ya yi harbi biyu na gwaji don ya ga inda bindigarsa ke jefawa yau, sannan ya yi goma na lissafi. Tsakiya maki biyar, kowane zobe na waje da raguwar ɗaya. Wasu allunan baƙin da ke kansu rabin da'ira ne, shi ya sa maharban ke kiransa hular kwano. Akwai kuma zagayen tsaye, da wanda allo ke leƙowa na 'yan daƙiƙoƙi ya koma.

A can ƙarshen fili, ƙarƙashin allunan, akwai rami mai katangar ƙasa da kankare. Mutanen da ke ciki su ne ke jawo allo ƙasa bayan kowane harbi, su nemo hudar, su soka mata wani faifai mai launi da za a hango daga nesa, su liƙe tsohuwar huda da takarda, su tura shi sama. A manyan taruka ana biyan masu wannan aiki. A ƙananan haɗuwar ƙungiyoyi kuwa karɓa-karɓa ake yi: rabin jama'a su yi harbi da safe rabi na rami, bayan abincin rana a juya. Likita da makanike da tsohon kanar duk sai sun sauka ramin, kuma duk sai sun ji wannan ƙarar kamar ta bulala da harsashi ke yi idan ya wuce ta saman kai.

Bindigar da ke da lafiya, a hannun wanda ya iya, tana tara harsasanta a nisan yadi 200 cikin faɗin da bai wuce ƙaramin faranti ba. Bindigar gasa ta zamani za ta tara su a cikin tafin hannun yaro. Masu Lee-Enfield sun san haka, kuma ba ya damunsu. Ba don yankan maƙiyi ɗaya a nesa aka ƙera ta ba, an ƙera ta ne don sojoji dubu su yi ruwan wuta cikin laka ba tare da ta cije ba.

Mintin hauka

Abin da ya fi jan 'yan kallo shi ne zagayen da ake kira mintin hauka. Asalinsa darasi ne a cikin ka'idojin harbi na sojan Birtaniya na 1909. Soja ya kwanta, allo mai faɗin inci 48 ya bayyana a nisan yadi 300, a ba shi minti ɗaya ya harba harsashi 15, yana ɗura bindigar da hannu daga jakar ɗamararsa.

Darasin ya samo tushe ne daga kunyar da Birtaniya ta sha a yaƙin Buwa na Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, inda manoma masu bindigar Mauser suka riƙa ɗauke sojojinta daga nesa. Bayan yaƙin aka gajarta bindigar, aka fito da hanyar ɗura harsashi biyar a tura ɗaya, aka kuma matsa wa makarantar koyon harbi ta Hythe ta gyara sojan. Malaman makarantar sukan nuna wa ɗalibai abin da hannu zai iya. Ɗaya daga cikinsu, Samanja Jesse Wallingford, ya sa harsashi 36 a allo cikin minti ɗaya a 1908. Akwai labarin wani malamin da ake cewa ya kai 38 a 1914, amma masu bin diddigi sun daɗe suna neman takardar da ta tabbatar da shi.

Haka nan labarin da ake yawan bayarwa cewa a fafatawar Mons ta watan Agustan 1914 Jamusawa sun ɗauka bindigogi masu jigida ne ke harbinsu, alhali sojoji ne da Lee-Enfield. Labari ne mai daɗi a bakin Bature, kuma masana tarihi da suka karanta rahotannin ɓangaren Jamus suna ganin an ƙara masa gishiri.

Saurin kansa dai ba ƙarya ba ne, kuma dalilinsa na cikin ƙirar. James Paris Lee, wanda aka haifa a Scotland ya yi aikinsa a Amurka, ya sa mariƙin sakatar bindigar a daidai bayan kunama, ɗagawarsa gajera ce, ja da turawarsa kuma santsi gare su. Gidan harsashinta na cin goma, ninki biyu na Mauser ɗin Jamus. Ƙwararru ba sa sakin mariƙin ko kaɗan: babban yatsa da manuni na riƙe da shi, ɗan yatsan tsakiya ke taɓa kunama, kunci kuma ba ya barin ƙota.

A Bisley yau, wanda ya kai harbi ashirin cikin mintin ya yi abin a yaba. Galibi abin da ke kayar da mutane ba saiti ba ne, ɗuri ne. Harsashin .303 yana da leɓe a gindinsa, kuma idan leɓen na sama ya faɗa bayan na ƙasa, sakata ta tsaya cak. Sai ka ga dattijo na kokawa da yatsu, daƙiƙoƙi na tafiya, abokansa a baya na dariya. Wannan dariyar ma wani ɓangare ce na abin da ke kawo su.

Yadda doka ta raya tsohuwa

Da ba don wasu ranaku biyu na baƙin ciki ba, da wuya Lee-Enfield ta samu matsayin da take da shi yau a Ingila.

Ranar 19 ga Agustan 1987 wani mutum ya kashe mutum 16 a garin Hungerford da makaman da yake da lasisinsu, ciki har da wata mai kama da AK-47. Shekara ɗaya bayan haka majalisa ta haramta wa farar hula manyan bindigogi masu ɗura kansu. Ranar 13 ga Maris ɗin 1996 wani kuma ya shiga makarantar firamare a Dunblane da ke Scotland ya kashe yara 16 da malamarsu, aka haramta kusan dukkan ƙananan bindigogin hannu a 1997.

Waɗanda ke gasa da irin waɗancan makamai suka miƙa su ga hukuma. Wasu suka bar wasan, wasu suka waiwayi abin da doka ta bari, wato bindigar da sai an ja sakata da hannu bayan kowane harbi. Da tsohuwar zuma ake magani. Ƙungiyar masu adana tsofaffin bindigogi ta HBSA tana nan tun 1973, daga baya aka kafa wata ta masu Lee-Enfield kaɗai, har gasar bindigar soja ta farar hula da ake yi a Bisley ta ware mata aji nata.

Mallakarta ba wasa ba ne. Mai sha'awa sai ya shiga ƙungiyar harbi da ma'aikatar cikin gida ta amince da ita, ya yi aƙalla wata uku a matsayin ɗan gwaji ana lura da shi. Sannan ya nemi lasisi daga 'yan sanda, ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, ya kawo rahoton likitansa, jami'i ya zo gidansa ya duba akwatin ƙarfen da aka kafe a bango. A takardar ake rubuta kowace bindiga da lambarta, da adadin harsashin da aka yarda ya ajiye. Bayan shekara biyar a sake sabon lale. Idan shekara ta zagayo bai je fili ya yi harbi ba, wajibi ne ƙungiyarsa ta sanar da 'yan sanda. A watan Fabrairun 2025 kuɗin sabon lasisi ya tashi daga fam 88 zuwa fam 198.

Maharban na ƙorafi a kan jinkirin 'yan sanda da tsadar, wani lokaci da gaskiyarsu. Sai dai wannan tsaurin ne ya sa maƙwabcin da ya ga dattijo na saka doguwar jaka a mota ranar Asabar ba ya kiran kowa. A Najeriya lissafin daban ne. Dokar makamai ta 1959 ta ambaci bindigogin soja masu cin harsashin .303 ƙarara a jerin haramtattun makamai, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa. Kuma a ƙasar da ƙarar bindiga da dare ke nufin a kwashi yara a shiga daji, ba abin mamaki ba ne idan mai karatu ya ji wannan wasa na Turawa ya yi masa banbaraƙwai.

Ta je Kaladan, ta je Amritsar

An ƙera Lee-Enfield fiye da miliyan 17 tun daga 1895. Masana'antar Enfield da ke arewacin Landan ce ta ba ta rabin sunanta, amma an yi ta a Birmingham da Fazakerley da Maltby, an yi ta a Lithgow ta Ostireliya, da Ishapore ta Indiya, da Long Branch ta Kanada, har da kamfanin Savage na Amurka. Duk inda tutar Ingila ta je, ta je.

Ita ce bindigar Rundunar Afirka ta Yamma, wadda Hausa ce harshen bariki a bataliyoyinta na Najeriya. Da ita sojojin Runduna ta 81 suka shiga kwarin Kaladan a Burma, ƙasar da tsofaffi ke kira Boma, inda babu hanyar mota, abinci da harsashi sai dai jirgi ya jefo, 'yan dako su ɗauka a ka. Da ita Runduna ta 82 ta ratsa Arakan, rundunonin biyu suka haɗu a Myohaung a watan Janairun 1945. Bataliyoyi uku na Najeriya kuma sun shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944.

Sunayen na nan a jikin allunan barikoki, ko da masu wucewa ba su san asalinsu ba: barikin Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, Burma Camp a Ankara. Mutanen da suka sa aka raɗa sunayen kuwa kusan duk ƙasa ta rufe musu ido. Takardun da aka tono a 2019 sun nuna cewa kuɗin sallamar da aka bai wa sojan Afirka bayan yaƙin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka bai wa farar fata mai muƙami ɗaya da shi ba. Nauyin bindigar dai ɗaya ne a kafaɗar kowa, kilo huɗu da ɗan wani abu.

Akwai kuma ɗaya fuskar. Ranar 13 ga Afrilun 1919, a filin Jallianwala Bagh da ke Amritsar a Indiya, sojojin da Janar Dyer ya jagoranta sun harba harsashi kusan 1,650 cikin taron mutanen da ba su da makami ba su kuma da hanyar fita. Hukumar mulkin mallaka ta ce mutum 379 suka mutu, Indiyawa suka ce adadin ya ninka haka. Da Lee-Enfield aka yi wannan aiki, da saurin nan da ake tafa wa a mintin hauka.

A rumfunan Bisley an fi jin hirar Somme da El Alamein da Normandy. Ba wai maharban na ɓoye sauran ba ne, da yawansu sun karanci tarihin makamin fiye da malaman makaranta. Amma kowa tarihin kakansa yake fara tunawa, kuma kakannin da suka riƙe ta a Kaladan, ko suka tsaya a gabanta a Amritsar, jikokinsu ba su cika zuwa Surrey ranar Asabar ba.

Abin da ke ƙarewa

Sojan Birtaniya ya sauya ta a 1957, amma ta ƙi tafiya. Dakarun sa-kai na Kanada da ke sintiri a yankin ƙanƙara sun riƙe mak-fo daga 1947 har zuwa wajen 2018, domin sanyin da ke daskarar da sababbin bindigogi ba ya hana ta aiki. Ƙarancin kayan gyara ne ya raba su. 'Yan sandan jihar Uttar Pradesh ta Indiya sai a watan Janairun 2020 suka yi mata faretin bankwana.

Ƙarancin da ya kori ta Kanada shi ke bin maharban Bisley a hankali. Na farko harsashi. Shekaru da yawa ana sayen ragowar na soja da araha, akwati-akwati, musamman wani na Girka da ake yabo. Wannan rijiya ta ƙafe. Yanzu sai sabo daga kamfanoni ƙalilan, irin su Prvi Partizan na Sabiya da Sellier & Bellot na Jamhuriyar Cek, ko kuma mutum ya tattara kwansonsa ya sake cika shi a gida, abin da dokar Ingila ta yarda wa mai lasisi. Ko nan ma akwai iyaka. An yi wa bindigar ɗaki mai yalwa don ta haɗiye harsashi mai laka, saboda haka kwanso na miƙewa a kowane harbi, bayan 'yan zagaye ya tsage.

Na biyu bututu. Albarushin da Birtaniya ta yi amfani da shi, mai kama da taliya, zafinsa na cinye maƙogwaron bututu. Tsofaffin harsasai kuma na barin wani gishiri da ke jawo tsatsa cikin kwana ɗaya, shi ya sa sojan da ke zuba tafasasshen ruwa ta cikin bututu bayan harbi, kuma duk wanda ya samu ragowar irin wannan harsashi yau sai ya yi haka. Bututun da ya gaji alamarsa a allo take: maimakon huda zagayayya sai a ga doguwa, harsashin ya isa a karkace.

Na uku katako. Ƙirar Lee-Enfield ta dogara ne da yadda katako ya rungumi ƙarfe a wasu 'yan wurare. Itacen da ya shekara tamanin yana shan mai yana bushewa yakan motsa, kuma da ya motsa saiti ya tafi. Masu gyaran da suka koyi wannan aiki a soja suna ta raguwa, masana'antar Enfield kanta an rufe ta tun 1988. Dubbai kuma an riga an lalata su a shekarun 1950 da 1960, lokacin da ake sayar da su a banza, mafarauta na yanke katakon don su rage nauyi.

Ana ƙera sababbin bututu a Ingila da Jamus da Amurka, kuma a nan gardama ke tashi. Wanda ya sa sabon bututu mai ƙira irin ta asali bai karya ka'ida ba, zai kuma doke mai tsohon. To amma idan an sauya bututu, an sauya katako, an sauya sakata, me ya rage na 1943 ban da lamba? Kamar fartanyar gado ce da aka sauya wa ƙota sau uku, ruwa sau biyu, ana nan ana cewa ta kaka ce. Masu tarawa na cewa a bar ta yadda take ko da ba ta saiti. Masu harbi na cewa bindigar da ba a harbawa sanda ce. Mafi yawansu, idan aljihu ya yarda, sukan ajiye biyu.

Sai batun dalma. A watan Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirin hana yawancin harsasan dalma saboda gubar da suke bari a ƙasa da jikin tsuntsaye, amma ta keɓe filayen harbi da ke da tsarin tare dalmar da kwashe ta. Babban wuri irin Bisley zai iya ɗaukar wannan nauyi. Ƙaramar ƙungiyar ƙauye mai mambobi talatin da tudun yashi guda, ita ce abin ji.

Takarda a ƙarƙashin ƙota

Ba Ingila kaɗai ke wannan wasa ba. A Amurka, tun 1998 ake gasar bindigar M1 Garand a sansanin Camp Perry da ke jihar Ohio, a nisan yadi 200, da sharaɗin nan dai na kar a taɓa ta. A Suwizalan, inda ake taron harbin ƙasa baki ɗaya kowace shekara a nisan mita 300, har yau ana ganin K31, bindigar sojan ƙasar ta shekarun 1930 zuwa 1950, a layi ɗaya da sababbi.

K31 na da wata al'ada da masu Lee-Enfield ke kishi. Sojan Suwizalan yakan rubuta sunansa da shekarar haihuwarsa da rundunarsa da garinsu a wata 'yar takarda, ya ɓoye ta ƙarƙashin farantin ƙarfen da ke gindin ƙota. Wanda ya sayi irin wannan bindiga yau, abin da yake fara yi shi ne ya kwance kusoshi biyu ya duba. Wasu sun bi adireshin sun rubuta wasiƙa, sun kuma samu amsa daga tsohon sojan ko 'ya'yansa.

Lee-Enfield cike take da tambari, kuma karanta su rabin hirar Bisley ne. Akwai kibiyar gwamnati, akwai sunan masana'anta da shekara, akwai haruffan FTR da ke nuna an mayar da ita masana'anta an yi mata gyaran gaba ɗaya, akwai DP da ke gargaɗin cewa ta fareti ce kawai, kar a kuskura a sa mata harsashi. Tsofaffin SMLE na da wani ɗan kwabon tagulla a gefen ƙota inda ake buga sunan runduna, amma an daina bugawa a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, mak-fo kuwa ba a taɓa sa mata shi ba.

Saboda haka dattijon da ke kwance a kan tabarmarsa a Century zai iya faɗin garin da aka ƙera bindigarsa da shekarar, wani lokaci har da watan da aka gyara ta. Ko ta kwana a ma'ajiya ne har yaƙi ya ƙare, ko wani kofur daga Katsina ko Bauchi ne ya ɗaga ta sama da kai yana ƙetare kogin Kaladan, wannan babu tambarin da ya rubuta.